Baƙo Raɓa, Ɗan Gari Kaba: Ina Aka Kwana Tsakanin Fiyano Da Kalangu?

Yau maganar kiɗa na ɗauko mana. Na san wata za ta taɓe baki ta ce, "Haba baiwar Allah, ga tsadar cefane, ga kuɗin makarantar yara, ki rasa abin da za ki zauna ki rubuta mana sai kiɗa?" To ki yi haƙuri ki biyo ni a sannu, domin kuwa idan kika duba babu wani sha'ani namu na mata da kiɗa bai tsoma baki a ciki ba. Ranar suna yana nan, ranar kamu yana nan, ranar yinin biki kuwa ba a magana, kai ko wanke-wanke kike yi wayarki tana bakin taga tana rera miki. Abin da yake shiga kunnenki safe da yamma, ya kuma shiga na 'ya'yanki, ai ya isa a zauna a tsince shi kamar yadda kike tsince tsakuwa a cikin shinkafa. Maganar halasci ko haramcin kiɗa na bar wa malamai, su ne masu ita. Ni a kan abin da ya riga ya shigo tsakar gidanmu zan yi magana.

Abin da ya tsokano wannan rubutu wani biki ne da muka je bayan an gama kaka, a wani ƙauye tsakanin Bebeji da Tiga. Abokan ango sun yi karo-karo sun ɗauko wani saurayi daga birnin Kano, ya zo da fiyanonsa da lasifika biyu manya-manya kamar akwatunan lefe, ga janareto a bayan a-kori-kura. Ita kuwa kakar amarya, wadda muke kira Iya, tun kafin a sa rana ta riga ta aika da goro wurin wani dattijo mai kalangu daga wajen Ƙiru, wanda shi ne ya kaɗa a bikin uwar amaryar shekaru masu yawa da suka wuce. To kin ga zakaru biyu sun haɗu a akurki ɗaya.

Da la'asar muna daga cikin soro muna leƙe, saurayin nan yana ta haɗa wayoyinsa a ƙofar gida, sai dattijon ya matso da kalangunsa a rataye, ya daɗe yana ƙare wa abin kallo, sannan ya ce, "Ɗan samari, wannan allon naka yana jin Hausa kuwa?"

Yaron ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai har kalangunka yana ciki." Ya latsa wani wuri, ya ɗora yatsa, sai ga wani sauti ya fito mai kama da na kalangu.

Dattijo ya girgiza kai ya ce, "Kama da wane ba ta wane. To ce masa ya kira mini sunan uwar amarya." Bai jira amsa ba ya matse kalangu a hammata ya sassauta, ya kaɗa sunanta da na mahaifinta da kirarin gidansu, mu da muke ciki muka ji sarai abin da yake faɗa, kafin ki ce kwabo guɗa ta kaure ko'ina.

Shi ma yaron ba kanwar lasa ba ne. Ya bari sai da guɗa ta lafa, ya ɗan rusuna ya ce, "Allah Ya ƙara girma Baba, wannan kam na sallama. To kai ma ce wa naka ya yi mini sarewa da goge da ganga a lokaci guda, kuma a jiyo shi daga bakin titi." Aka tuntsire da dariya, har da shi dattijon.

Wasa-wasa, wannan 'yar cacar baki ita ce gardamar da ta raba kan makaɗan ƙasar Hausa fiye da shekara 25, kuma har yau ba a kai ƙarshenta ba.

DAGA INA BAƘON YA FITO?

Abin da muke kira fiyano ba shi ne ainihin fiyanon Turawa ba, wancan ƙaton akwatin katako mai tsirkiyoyin ƙarfe a ciki, wanda sai ƙarti sun taru suke iya ɗaga shi. Namu allo ne na roba mai aiki da lantarki, yawanci mai haƙora 61 farare da baƙaƙe, wanda aka ɗura wa muryoyin kayan kiɗa iri-iri. Wanda ya fi yin suna a Kano shi ne na kamfanin Yamaha na ƙasar Japan, samfurin da ake kira PSR. E, sunan nan dai da kike gani a jikin babur. Asalin kamfanin ma na kayan kiɗa ne tun 1887, shi babur ƙane ne, sai a 1955 ya biyo baya.

Sirrin wannan allo yana ɓangaren hagunsa. Mai kaɗawa zai zaɓi irin bugun da yake so daga cikin waɗanda masu ƙira suka riga suka shirya, ya ɗora yatsa ɗaya ko uku, shi ke nan na'ura ta ɗauki ganguna da jitar nan mai kaurin murya da ake kira bes, ta yi ta maimaitawa ba gajiya ba kuskure, shi kuwa yana bin karin waƙar da hannun dama. Riƙe wannan da kyau 'yar uwa, domin a nan daɗin abin yake, a nan kuma cutarsa take.

Lokacin da aka fara finafinan Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, kiɗan gargajiya ake sa wa wasu daga cikin finafinan farko, irin na 'yan koroso mai sarewa da ganguna. Daga tsakiyar shekarun 1990 ne ɗakunan ɗaukar waƙa a Kano, irin na Iyan-Tama, suka rungumi Yamaha, daga ƙarami irin PSR-220 zuwa PSR-730 mai yawan muryoyi. Sai shekarar 1999 ta zo da abubuwa biyu. A cikinta fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka ja ragamarsa, waƙarsa ta fiyano ta game gari da ƙauye, daga shagon mai kaset har bakin rijiya. A cikinta kuma, ranar 18 ga Yuni, Alhaji Mamman Shata ya riga mu gidan gaskiya. Allah Sarki, kamar an tsara, babban mai kalangu yana fita ta wannan ƙofa, baƙo yana shigowa ta waccan.

Daga baya shi kansa fiyanon ya koma ɗan aike, kwamfuta ta karɓe ragama da manhajoji irin su FL Studio, da Auto-Tune da aka fito da shi a 1997, mai miƙar da muryar mawaƙi idan ta karkace. Amma suna ya riga ya bi shi, har gobe kiɗan fiyano ake cewa.

ABIN DA MASU SO SUKE CEWA

Hujjarsu ta farko sauƙi. A da in kana son kiɗa mai cika fili sai ka tara masu kalangu, da mai kuntuku, da 'yan amshi, da sanƙira, ka ɗauki nauyin motarsu da abincinsu da masaukinsu. Yanzu mutum ɗaya ya wadatar, ɗaki ɗaya ya isa. Matashin da yake da baitoci a ka, ba shi da ko sisin tara jama'a, zai iya shiga sitidiyo da safe ya fito da waƙarsa kafin magariba.

Ta biyu, suka ce fiyano ya ɓalle ƙofar da gado ya kulle. Kiɗa a ƙasar Hausa sana'ar gado ce a mafi yawan lokuta, kuma kowace sana'a da nata: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, kotso da taushi na fada. Ga shi kuma ana yi wa makaɗi kallon maroƙi, har akwai gidajen da ba sa ba shi aure. Ɗan malam ko ɗan attajiri ba zai rataya kalangu ya shiga gari ba, amma zai zauna a kujera gaban fiyano ba tare da an ce ya zubar da mutuncin gidansu ba. Ta wannan ƙofa 'yan boko da almajirai da marubuta waƙoƙi suka shigo, har masu begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasunsu suka ajiye bandiri suka ɗauke shi.

Ta uku ta shafe mu kai tsaye. Waƙar nanaye sai da mace, namiji ya yi mace ta karɓa. Da wannan muryoyi irin na Rabi Mustapha da Fati Nijar da Maryam A. Baba da Zuwaira Isma'il da Maryam Fantimoti suka shiga gidaje har Nijar da Ghana da Sudan, alhali su suna cikin ɗaki ɗaya a Kano. Mace ta sami sana'a da muryarta ba tare da ta bi dandali-dandali ko kasuwa-kasuwa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai adalci sai ya yarda.

ABIN DA MASU ƘI SUKE CEWA

Su kuma tsofaffin hannu suka ce a tsaya tukuna. Hausa harshe ne mai hawa da sauka. Ki faɗi "kuka" na hawaye, ki faɗi "kuka" ta miya, baƙaƙensu ɗaya, murya ce kawai ta raba su. Haka "wuya" na sarƙa da "wuya" ta wahala. Kalangu an yi shi ne daidai wannan harshe: fatu biyu, tsirkiyoyi sun haɗa su, in an matse murya ta hau, in an sassauta ta sauko, har ta zame a tsakani kamar yadda bakin mutum yake yi. Haka kukuma da goge, babu wata alama a jikin tsirkiyarsu da ta ce wa yatsa tsaya nan, shi ya sa a hannun irin su Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka za ki rantse kukuma magana take. Shi kuwa fiyano matakala ce, haƙori 12 ne a kowane zagaye, daga wannan sai wancan, babu komai a tsakani. Gaskiya ne manyan cikinsu suna da wani ɗan gare-gare a gefe da ake murzawa a lanƙwasa sauti, amma lanƙwasa daban, kiran suna da kirari daban.

Na biyu, suka ce an kashe gindin kiɗa. Kowane kiɗa yana da gindi, wato sautin nan mai kauri da yake shiga ƙirji ya motsa ƙafa. A kiɗan ƙwarya babbar ƙwaryar da aka kife a kan ruwa ita ce gindi, a kiɗan noma ganga ce. Mai riƙe da gindin nan idonsa yana kan ƙafar mai rawa: in ta yi zafi ya ƙara wuta, in tsohuwa ce ta shigo fili ya sassauta mata, in ta tsaya cak ya tsaya tare da ita. To a fiyano wannan aiki na'ura aka bar wa, ita kuwa na'ura ba ta da ido. A da makaɗi ne yake bin mai rawa, yanzu mai rawa ce take bin na'ura.

Na uku maimaici. Tunda daga rumbu ɗaya kowa yake ɗiba, sai ki ji waƙa goma kamar uwa ɗaya ta haife su, ta soyayya da ta siyasa da ta tallar magani duk bugu ɗaya. Ga kuma ɗauko karin waƙoƙin Indiya a cusa musu kalmomin Hausa da ƙarfin tsiya, abin da ya yi yawa ƙwarai a shekarun farko na 2000.

Na huɗu kuwa abinci. Bayan kowane kalangu akwai masassaƙin da ya fafe icen, da majemin da ya gyara fatar. Bayan kowace ƙwarya akwai manomin duma da mai gyartai. Idan aka daina kiran makaɗi, ba shi kaɗai ne yake kwana da yunwa ba. Dattijon nan na Ƙiru ya gaya wa mazan gidan cewa a cikin 'ya'yansa babu wanda ya karɓi kalangu, babban ma acaɓa yake yi a Kwanar Dangora, kuma wai shi da kansa ya ce masa ya tafi, don ba zai ɗora wa ɗansa sana'ar da ba ta ciyarwa ba.

BA A KANMU FARAU BA

Kada ki ɗauka mu kaɗai ne muka taɓa irin wannan rigima. Indiyawan nan da muke son finafinansu sun yi tasu a kan wani akwatin kiɗa mai zuga-zugi da ake kira harmoniyam, wanda Turawa suka kai musu. Manyan makaɗansu suka ce ba ya iya zamewa tsakanin sauti da sauti kamar yadda waƙarsu take bukata, daidai ƙorafin dattijonmu, har gidan rediyon gwamnatinsu, All India Radio, ya hana sa shi daga 1940 zuwa 1971. Yau kuwa ki leƙa wuraren waƙoƙin addininsu da na masu ƙawwali, shi ne a gaban mawaƙi. Hani bai kore shi ba, sai dai makaɗan sun koya masa zama da su.

A Amurka ma haka. Masu riƙe gindin kiɗa a can wani ƙaton goge suke kaɗawa, mai tsawon mutum, wanda ake kafa shi a ƙasa. A 1951 wani mai suna Leo Fender ya fito da jitar bes mai aiki da lantarki, Precision Bass, wadda ake ratayawa a kafaɗa, ya jera mata 'yan ƙarafa a wuya don yatsa ya riƙa sauka daidai. Da yawa daga tsofaffin makaɗa, musamman na kiɗan jaz, suka raina ta, suka ɗauke ta abin wasan yara. Matasa kuwa suka rungume ta don ba ta da nauyi kuma ana jin ta a cikin taro. Abin sha'awa, a shekarun 1970 wani gwani mai suna Jaco Pastorius ya yi suna da tasa jitar da ya cire wa ƙarafan nan, don sautinta ya riƙa zamewa kamar muryar mutum. Kin ga ya karɓi baƙo, amma ya tilasta masa ya koyi yaren gida.

NAWA GANIN

To ni dai in an tambaye ni, dattijo ya yi gaskiya a kan harshe, yaro ya yi gaskiya a kan isarwa, kuma babu wanda gaskiyarsa ta goge ta ɗan uwansa. Sai dai karin maganar da na sa a kan wannan rubutu ta sha ƙasa a wannan karo. An ce baƙo raɓa ne, rana na fitowa zai bushe. Wannan baƙo kam rana ta fito ta faɗi sau dubu yana nan, ya yi gida ya yi 'ya'ya, ɗan garin ne ma yake neman wurin kwana. Saboda haka mai jiran ranar da fiyano zai tattara ya koma Japan yana ɓata lokacinsa. Tambayar da ta rage ita ce, wa zai bi wani, Hausa ce za ta bi na'ura ko na'ura ce za ta bi Hausa?

A kunnena abin da ya sa kiɗan Sangaya ya kama zukata shi ne wanda ya kaɗa shi ya janyo na'urar zuwa gida. Ya nemo muryoyin da suka yi kusa da ganga da sarewa, aka shirya waƙar a kan bayarwa da karɓa irin na 'yan mata a dandali, shi ya sa har tsofaffi ba su ji ta baƙuwa ba. Da yawa daga waɗanda suka biyo baya sai suka juya abin. A fara kunna bugu, sannan a zo ana neman kalmomin da za a cusa. Kalmar da ya kamata a ja sai a guntule ta, wadda ya kamata ta sauka sai a ɗaga ta, har ki ji mawaƙi yana nufin kukan zuci kunnenki yana jin kukar miya. Wannan ba laifin Yamaha ba ne, lalacin mai hannu ne, da kuma sakacinmu masu saurare da muke biya ba ma tambaya.

Ga wani awo mai sauƙi da kowace mace za ta iya yi tana tsakar gidanta. Ki ɗauki waƙar da kike so, ki kashe kiɗan, ki faɗi kalmominta da baki kamar kina yi wa ƙawarki magana. In sun tsaya da ƙafarsu, akwai hikima ko labari ko nasiha a ciki, to waƙa ce. In kuwa kika ji kunya ta kama ki, ko kika ga babu komai sai jera sunayen zuma da madara da furanni, to kiɗan ne yake ɗauke da gawa. Ki gwada da waƙoƙin Shata, ki gwada da na Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, za ki ga ko babu kiɗa magana ce mai nauyi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, tsirkiya ɗaya tak ce a kuntiginsa, amma da ita ya zagaye rayuwar talaka kaf, daga ɗan ƙaramin ma'aikaci har zaman aure. Yawan muryoyi a cikin allo ba shi ne yawan abin faɗa ba. Kuma don adalci, a cikin 'yan zamani akwai waɗanda suke cin wannan jarrabawa. Ni a wurina da yawa daga baitocin Aminu Ala da na Nura M. Inuwa ko an kashe na'ura suna nan tsaye. Wannan ya nuna mana cewa abin yana yiwuwa, masu yi ne suka yi kaɗan.

ASARAR DA TA FI TA KOWA

Amma 'yar uwa, duk wannan gardama ta maza ce, kalangu nasu, fiyano nasu. Mu tamu asarar ba a ma cika maganarta ba. Mata suna da nasu kiɗan tun kaka da kakanni: kiɗan ƙwarya da amada, da shantu da ake bugawa a cinya a ɗakin amarya, da lugude a bakin turmi, da waƙar niƙa, da gaɗa ta 'yan mata. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta yi suna a duk ƙasar nan, tana yi wa mata magana a kan sana'a da haihuwa da zaman kishi da bakin da mace ce kaɗai za ta iya. Haka Uwaliya Mai Amada a Kano. A cikin irin waɗannan waƙoƙi ne matar da ba ta iya ɗaga ido ta kalli uwar miji take sauke abin da yake cinta, a yi dariya, a yi guɗa, zuciya ta yi sanyi.

Ban ce fiyano ne kaɗai ya kashe su ba. Injin niƙa ya tafi da waƙar niƙa, injin surfe da na casar shinkafa, irin waɗanda suka cika Tudun Wada, sun rage lugude. Amma waɗancan injina wahala suka ɗauke mana, mun gode. Wannan kuwa abin jin daɗinmu ya karɓe. A da mu ne masu kaɗawa, mu ne masu rerawa, mu ne masu ƙirƙira nan take, a sako sunan amarya da na gwaggonta da abin da ya faru jiya a unguwa. Yanzu mun koma 'yan rawa da liƙi kawai. A da taron mata na mata ne zalla, a rufe ƙofa a sake jiki. Yanzu sai an shigo da namiji da lasifikarsa da yaransa har tsakar gida, ga wayoyi a sama ana ɗauka, gobe ki ga rawarki a hannun wanda ba ki taɓa sani ba.

To me za mu yi? Ba na ce a kori mai fiyano ba, shi ma ɗan wani ne, abinci yake nema. Amma kuɗin biki ta hannunmu yake bi, saboda haka muna da ta cewa. In za a ware yini guda don na zamani, a ware dare guda na ƙwarya, mata zalla, a kuma sallami masu kaɗawa da daraja, ba da ragowar canji ba. In za ki sa a yi wa 'yarki waƙar biki a sitidiyo, ki ce a karanta miki baitocin tukuna, ki kuma nemi a sa kalangu ko kukuma na gaske a ciki, ai da mai nema ake samun mai yi. In akwai tsohuwa a gidanku, daga Bebeji har Riruwai, wadda take da waƙoƙin daka ko na reno a ka, ki zaunar da ita ki ɗauka da wayar nan taki tun tana da rai, domin ranar da aka fita da ita an fita da su ke nan. Sannan ki bar 'yarki ta taɓa ƙwarya da shantu, ba ƙauyanci ba ne.

Bari in ƙarasa miki labarin bikinmu. Bayan isha'i ana tsakiyar rawa man janareto ya ƙare, wuri ya yi tsit, 'yan mata suka tsaya cirko-cirko. Iya ta ce a shigo ciki a rufe ƙofa, a kawo baho da ruwa. Tsofaffi uku suka zauna suka kife ƙwarya. Da farko 'yan matan ba su san amshi ba, sai kallon juna suke suna ƙunshe dariya, amma kafin a zagayo na uku sun kama, har amaryar da ta yini tana kuka sai da ta murmusa a cikin mayafi. Can sai ga wata ƙaramar yarinya ta shigo da waya a hannu, wai mai fiyano ne ya aiko, yana gaida Iya, yana roƙon a yi masa izini a ɗaukar masa sautin. Iya ta ce, "Je ki ce masa murya kaɗai, ban da hoto. Kuma in ya kai birni ya sayar, ya tuna da masu ita."

Ko ya tuna ko bai tuna ba, wannan tsakaninsa da Allah. Shi dai dattijo da safe ya rataya kalangunsa a bayan keke ya kama hanyar Ƙiru shi kaɗai, babu yaro ko ɗaya a bayansa.

Allah Ya ba mu kunnen rarrabe tsaba da tsakuwa, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da amarenmu lafiya a ɗakunansu. Kuskuren da yake ciki nawa ne, a yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.